Sunan Maigida

Kiran farko ya samu Maijidda tana tankaɗen garin masara a tsakar gida. Ta goge hannu a zani ta ɗauka, sai ta ji wata mace tana zuba Turanci kamar an buɗe famfo. Ita kuwa Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, don haka duk inda matar ta tsaya shan iska sai ta ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Da ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ta yi mata addu'ar Allah ya haɗa ta da wanda take nema, ta kashe wayar ta ci gaba da tankaɗe.

Washegari masu kiran suka samo mai jin Hausa. Namiji ne, kuma ko sallama bai yi ba.

"Ke ce Maijidda Abdulmutallib?"

"Ni ce. Ina kwana?"

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Kin ci bashin kamfaninmu ta waya, wa'adi ya wuce. Yau za ki biya, ko sai mun turo 'yan sanda?"

Dariya ta kusa ƙwace mata. Duk unguwarsu a Bakori ba wanda bai san Maijidda uwar adashi ba. Matan da ke cikin kulle, masu ƙuli-ƙuli da masu awara da masu saƙar hula, ita suke aiko wa zubinsu kowane mako, ita kuma ta damƙa wa mai ɗauka kuɗinta cif, ko naira ba ta taɓa yin ciwon kai ba. Ba ta da gona, ba ta da shago. Abin da ta mallaka a duniya shi ne a ce, "Kai wa Maijidda, ba ya ɓata." Da ɗan abin da matan ke yi mata ihsani take sayen sabulu da littattafan yara, da shi ma ta sayi wayar da ke hannunta.

"Ɗan nan, ka yi ɓatan lamba," ta ce. "Ni ake ba ajiya, ba ni ke ci ba."

Sai ya karanto mata sunan bankinta da shekarar haihuwarta. Kafin ta rufe baki ya ce ta duba wayarta. Hoto ya shigo. Ita ce, da koren mayafinta na Sallah, tana wani murmushi har da karkata kai.

Nan take ta tuna ranar da aka ɗauki hoton.

Da farkon kaka ne, mijinta Zakariya ya ari wayarta, wai tasa ƙarama ce ba ta buɗe irin abin da yake son dubawa. Ya daɗe a ɗaki yana latse-latse, sannan ya leƙo ya ce, "Maijidda, zo in ɗauke ki hoto." Tun aurensu bai taɓa neman hotonta ba. Ta ce ya jira ta. Ta shiga ta wanke fuska, ta sa kwalli, ta ciro mayafin daga ƙasan akwati. Ya ce ta kalli dama, ta kalla. Ya ce ta kalli hagu, ta ƙifta ido, ta buɗe baki, duk ta yi tana ta dariya, tana cewa, "Kai Malam, yau kuma soyayyar ce ta motsa?" Ranar har nama ta ƙara masa a miya. Katinta na banki da lambobinta kuwa dama a aljihunsa suke zama, tunda shi ya kai ta aka buɗe mata asusun.

Malam take ce masa. Maijidda irin matan nan ce da suka tashi a hannun kaka, ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. In za ta ambace shi sai ta ce "maigidan," ko "shi." Ko a Islamiyya in ana jero sunayen annabawa, da an zo kan nasa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Annabi mai sunan Malam," 'yan aji su yi ta dariya. Akwai wani mai kayan miya mai sunan Malam da ta daina saye wurinsa, ba don tumatirinsa ba kyau ba, sai don ita ba ta san yadda za ta ƙwala masa kira ba.

Ta bari sai da ya dawo daga kasuwa ya ci tuwo ya sha ruwa, sannan ta ajiye masa wayar a gabansa.

Zakariya ya kalli hoton, ya yi gyaran murya. "Au, 'yan nan ne? Ai ƙaramin abu ne."

"Malam, da sunana ka ci bashi?"

"To da sunan wa zan ci? Ni nawa sun ƙi karɓa, wai akwai wani tsohon lissafi. Kuma ai ni da ke duk ɗaya ne. Masara na saya da kaka tana araha, ga ta can a sito. Da farashi ya tashi zan sayar in watsa musu kuɗinsu a fuska, har in canza miki mayafi."

"Ka sayar yanzu mana."

Ya dube ta kamar ta ce ya yanka ɗansa. "Yanzu? Kin san nawa buhu ya faɗo? Wanda duk ya fitar da masara a wannan kasuwar ai mahaukaci ne. Ke dai kar ki ɗauka in sun kira. Mutumin da ke Legas me zai yi miki a Bakori?"

Masarar kuwa tana samun kulawar da matar gidan ba ta samu. Kullum da safe sai ya buɗe sito ya shafa buhunan, ya duba ko ƙwaro ya shiga, ya gyara katakon da ke ƙarƙashinsu kada sanyin ƙasa ya taɓa su.

Maijidda ta gwada shawararsa. Ta daina ɗauka, suka dinga kira har wayar ta yi zafi. Ta toshe lambar, suka zo da wata, ta toshe, suka zo da wata. Tana salla wayar na kuka, tana girki tana kuka. Kashe ta gaba ɗaya kuma ba zai yiwu ba, don ta nan matan ke sanar da ita sun turo zubi. In ta ga baƙuwar lamba sai ta rasa ko mai zubi ce ko mai zagi. Zagin kuwa sun iya shi. Mai Hausar nan ya zagi uwarta da ke kabari, ita kuma ta ce masa, "Allah ya shirye ka," don ba ta saba ba. Wata rana ya ce shi babban ɗan sanda ne, ga mota nan ta taso daga Funtua. Ranar wuni ta yi da mayafi a kafaɗa tana jiran a zo kama ta, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta miƙe.

Sai kuma suka daina kiranta ita kaɗai.

Yayanta Maharazu ne ya fara bugowa daga Danja, yana tambayar me ta yi. Kafin azahar malamar Islamiyya ta aiko. Har mai injin markaɗe ya samu nasa. Ashe ranar da aka sa manhajar bashin a wayarta, ta kwashe duk lambobin da ke ciki. Kowa aka tura masa hoton nan na koren mayafi, an rubuta a ƙasa cewa wannan mata ɓarauniya ce, ta ci bashi ta gudu, duk wanda ya ba ta kuɗi ya kuka da kansa. Kuma yawancin lambobin wayar Maijidda na 'yan adashi ne.

Makon nan zubi ya zo rabi. Wannan ta aiko wai yaronta ba lafiya, waccan wai ciniki ya tsaya. Wata mai awara ma ba ta tsaya kwana-kwana ba, ta aiko a ba ta abin da ta zuba, ta fasa. Maijidda ba ta ga laifinsu ba. Kuɗin awara ne, da hayaƙi da ƙunar mai aka tara su. Amma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta kai kuka wurin Gwaggo, mahaifiyar Zakariya, wadda ɗakinta ke kusa da zaure. Gwaggo ta saurara tana jan carbi, sannan ta ce, "To ke yanzu so kike a ce me? A ce ɗana ya ci bashi da sunan mace? Ya zauna a majalisa da wane ido? Ke mace ce, kina cikin gida, wa ke ganinki? Ki ce musu kuskure aka yi. Mace tagari rufa wa mijinta asiri take yi."

"Gwaggo, sun ce ni ɓarauniya ce."

"Sun faɗa ne a waya. Maganar waya ai iska ce."

Shi kuwa maigidan, da ta sake tunkararsa, sai ya zo da wata dabara, har yana murmushi don jin daɗin basirarsa. "Ba ga kuɗin mata nan a hannunki ba? Ɗan ciri wani abu ki toshe musu baki. Kafin mai ɗauka ta zo, masara ta tashi."

Maijidda ta ce, "Malam, sun kira ni ɓarauniya a kan ƙarya. So kake in mayar musu da ita gaskiya?"

"Kin cika ɗaukar abu da zafi," ya ce, ya saka hularsa ya fita duba farashi.

Ranar Laraba Hajiya Rahama ta yi sallama. Ita ce babba a cikin 'yan adashin, tun kafuwarsa take ciki. Ta zo da 'yarta Firdausi, wadda ke aikin lauya a Funtua. Bayan an gaisa an sha ruwa, Hajiya ba ta ɓoye ba.

"Maijidda, mata sun ce ranar Juma'a bayan la'asar za su taru nan. In babu bayani, kowa za ta karɓi nata, a nemi wata uwar. Ni na san ki, amma ban iya riƙe bakin mutum ashirin. Shi ya sa na jawo miki wannan, ta duba."

Firdausi ta karɓi wayar ta yi ta dubawa, fuskarta na ƙara ɗaurewa. "Inna, kin goge wani abu?"

"Na so in goge, kunya suke ba ni."

"Kar ki goge ko ɗaya. Su ne shaidarki. Bari in fara gaya miki abin da zai sa ki yi barci. Ko da ke kika ci bashin nan, doka ba ta ba su damar zaginki ba, ba ta ba su damar tura hotonki ga mutanen wayarki ba. Wannan ɓata suna ne, kuma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye da ke karɓar ƙara a kan irinsu. Maganar 'yan sanda kuwa barazana ce kawai. Bashi ba laifin kamu ba ne, wanda ke bi kotu zai je."

"Ashe motar Funtua ba ta zuwa?"

"Ba ta ma taso ba, Inna."

Maijidda ta sauke ajiyar zuciya, har ta ɗan yi dariyar kanta da mayafin da ta wuni da shi.

"Saura mai wuyar," in ji Firdausi. "Ke kika nemi bashin? An karanta miki sharuɗɗa kin yarda? Kuɗin sun shiga hannunki?"

"Ko ɗaya. Ni hoto kawai aka ɗauke ni."

"To bashin da ba ki nema ba, ba ki yarda ba, ba naki ba ne. Aure ma ba ya ɗora wa mace bashin miji, ko a shari'a ko a dokar ƙasa. Amma sunanki ne a wurinsu, don haka sai kin faɗa musu a fili ba ke ba ce, mu naɗi maganar, sannan mu je kotu ki yi takardar rantsuwa. Kuma za a tambaye ki wanda ya yi amfani da sunanki. Wane ne?"

Maijidda ta kalli ƙofar sito. "Shi ne."

"Shi wa?"

"Maigidan."

Hajiya Rahama ta yi salati a hankali. Firdausi kuwa ta ce, "Inna, doka ba ta san maigida ba. Kowace mace a Bakori tana da maigida. Suna take so."

"Ke ki faɗa mana, ai kin san shi."

"Na san shi, amma ba ni aka ɗauka hoto ba. In ba daga bakinki ya fito ba, ba shaida ba ne. Ba zan tilasta miki ba. In ya biya kafin nan ya wanke ki gaban mutane, shi ke nan, ba sai an kai can ba."

Maijidda ta ba shi wannan damar. Ranar Alhamis ta durƙusa ta gaya masa mata za su zo gobe, ta roƙe shi ko dai ya fitar da buhu kaɗan, ko ya fito ya ce musu shi ne. Ya ce maganar mata ba ta shafe shi ba, kuma ya ji ƙishin-ƙishin manyan 'yan kasuwa za su shigo sayen masara wata mai zuwa. Ya ƙara da cewa, "Na san ki, ba za ki tona ni ba. Ke da ko sunana ba kya iya faɗa." Da wasa ya faɗa, har da ɗan jan kumatunta. Ita ba ta yi dariya ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar tsakar gida ta cika da hijabai. Aka shimfiɗa tabarmi, aka gaisa gaisuwar da ba ta kai ciki ba. Gwaggo ta fito da kujerarta ta zauna bakin ƙofa don ta sa ido. Zakariya kuwa da ya dawo masallaci ya ga taron, sai ya shige sito ya turo ƙofa, wai zai zuba wa masara magani.

Maijidda ta fito da koren mayafin nan a kanta. Ta ajiye jakar adashi a tsakiyar tabarma ta ce duk mai son nata ga shi, bai yi ko ƙwarzane ba, amma tana roƙon su ɗan jira. Ba su daɗe suna jira ba, don masu kiran ba sa saɓa lokaci. Wayar ta yi kuka. Firdausi ta danna naɗi, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta miƙa mata.

"Ɓarauniya, kin shirya biya?" in ji mai Hausar.

Mata suka kalli juna. Maijidda ta matso da wayar kusa da bakinta.

"Ɗan nan, yau kai za ka saurara. Ana naɗar maganar nan, kuma lauyata na zaune kusa da ni. Ban nemi bashinku ba, ban yarda da shi ba, ban ci ko kwabo ba. Hotona da kuka watsa da zagin da kuka yi duk suna nan a ajiye, za su je gaban hukuma. Daga yau kar ku sake kirana, kar ku sake taɓa mutanen wayata."

Nan take muryar babban ɗan sanda ta koma ta ɗan makaranta. "Hajiya, a yi haƙuri, mu sunanki muka gani. In ba ke ba ce, to wane ne ya karɓa?"

Gwaggo ta daina jan carbi. Maijidda ta buɗe baki, ta sake rufewa. Ta kalli jakar adashin, ta kalli hannayen matan da man suya ya ƙona, sannan ta ɗaga murya yadda ba ta taɓa ɗagawa a gidan ba.

"Zakariya! Zakariya Sule Baƙo!"

Daga cikin sito aka ce, "Na'am!"

Bawan Allah bai yi niyya ba. Ya ji an ƙwala sunansa a cikin gidansa da muryar da bai taɓa jin sa a cikinta ba, baki ya riga hankali. Ya turo ƙofa ya leƙo, da garin magani a gemu, ya tarar da idanu sun fi arba'in a kansa.

Maijidda ta taka har gabansa, ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba in za ta ba shi ruwa, ta miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Ga shi, Malam. Kai ake nema."

Wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki da hijabi, sai abin ya bi layi. Gwaggo ce kaɗai ta miƙe tana tafa hannu. "Innalillahi! Maijidda, sunansa kika kama? Gatsau, a gaban mutane? Ina kunyar taki?"

"Tana nan, Gwaggo," ta ce, idonta ya cika da hawaye amma ba ta bari sun zubo ba. "Tun da aka kawo ni gidan nan nake adana sunansa, ko a bakina ban yarda ya taɓa ƙasa ba. Shi kuwa nawa ya ɗauka ya kai jingina, don buhun masara."

Hajiya Rahama ta kwance bakin zaninta, ta ciro zubinta na makon, ta ɗora a kan jakar. Mai awarar da ta aiko a ba ta nata ta matso tana sunkuyar da kai, ta ɗora nata ita ma.

Ranar kasuwa aka ga mai kura yana fitar da buhuna daga gidan, Zakariya na biye da shi kamar mai rakiyar gawa. Ya sayar a kan farashin da ya ce sai mahaukaci. Firdausi ta shigar da ƙarar duk da haka, kiran ya ɗauke, amma ba wanda ya bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya ya ce musu ƙarya aka yi. Wasu matan sun dawo, wasu har yau a wani wuri suke zubi.

A majalisar ƙofar masallaci kuwa an yi mako ana tattauna lamarin, kuma dattawa sun yi tir ƙwarai. Sun ce zamani ya lalace, tunda har mace ta iya tsayawa tsakar gida ta kira mijinta da sunan yanka. Ni mai ba ku labarin nan na zauna na saurara har aka tashi, ko wani zai tambayi me aka yi da nata sunan. Ba wanda ya tambaya.